Na Kashe Firji, Inna Na Shirin Komawa Kebbe

Assalamu alaikum Anti Zakiyya. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don hadari ya fara haɗowa gabas, in ruwan farko ya sauka kuwa magana ta ƙare. Ki sakaya sunana. Na san duk ɗan unguwarmu da ya ji wanga labari zai gane ni ne, amma da sauƙi, mafi yawansu ba karatun jarida suke ba, gulma ce karatunsu.

Ni saurayi ne, bakaniken babura, rumfata tana bakin titin Sakkwato nan Tambuwal. Boko ban yi nisa ba, ina ƙaramin aji anka fidda ni anka kai ni koyon gyara. Karatun da nika yi yanzu ni na koya ma kaina, da takardun da ake ƙunshe ƙosai da tsire, da kwalayen kayan gyara, daga baya da waya. Ina faɗa miki ne don ki san ba jahili ya rubuto miki ba, kuma ba wanda ya riƙa mini alƙalami. Duk abin da ke da rubutu a jiki sai na karanta shi, ko bayan gwangwanin madara ne. Wanga hali ma shi ya kai ni inda nike yau.

Baba ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙan shi. Masinja ne a sakatariya, da kuɗin sallamarshi ya sayo wani tsohon firji, ya kafa shi ɗakin Inna kamar ya kafa tuta. Yanzu mu biyu munka rage cikin gida, ni da ita. Yayana Attahiru shina Sakkwato da iyalinshi, shina aikin ofis. Abin da yake aiko mana a kai a kai shi ne nasiha ta waya, doguwa, wadda ba a sayen ko gishiri da ita.

Inna Bafillata ce, daga rugagen wajen Kebbe Baba ya auro ta. Ta tsufa cikin gari amma har gobe in za ta ƙirga ƙwai da Fillanci take ƙirgawa, kuma ba ta cika shiga gidajen maƙwabta ba. Duk rani danginta kan taso da shanu daga Kebbe su sauka gonakin da anka girbe tsakaninmu da Jabo, su zauna har ruwa ya sauka manoma su nemi gonakinsu, sannan su koma. Matansu na kawo nono gari, gidanmu ne masaukinsu tun ina rarrafe. In rana ta take su shigo, su sauke ƙore, su yi salla, su sha ruwa, su miƙe ƙafa. Babbarsu Dikko, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, wata doguwar tsohuwa da ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Sarkin Baƙin Mai. In sun haɗu, Fillanci ya cika gida, dariya kamar ana biki. Ni kuwa ban jin komai cikin yaren sai gaisuwa da zagi, sai in ɗauki kwanona in tafi zaure in ci.

Zamanin Baba takardar kuɗin wuta ake kawowa, ya biya abin da ya samu, a yi ta lallaɓawa. Bayan rasuwarshi anka sa mana mita mai kati, kuɗin wuta ya tashi, bazara ta shigo. Anti, ban san garin da kike zaune ba, amma in ba ki taɓa yin bazara a ƙasar Sakkwato ba kada ki ce kin san zafi. Sifanar aikina in na manta ta a rana, da tsumma nika ɗaukarta. Kwanon ɗaki shina ƙara kamar ana tafiya bisa. Wutar ba kullum ake kawo ta ba, amma ran da anka kawo, katin da na saya da gumina sai ya narke kamar man kaɗe, mita ta kama kuka tana kirana. Ni kaɗai take kira. Ba ta san lambar Attahiru ba.

Sai na zauna na karanci abin. Mitar tana da wani ɗan jan ido mai ƙiftawa. Na kashe komai na gidan, na riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya ina kallon idon. Ƙwayayen fitila na zamanin Baba, masu zafi kamar murhu, na cire na sa farare marasa cin wuta. Hitar dafa ruwa na jefa ta cikin tarkacen rumfata. Guga na koma dutsen gawayi. Ƙwan ƙofar gida, inda Ɗangiwa mai shago da mutanenshi ke baje tabarma suna dara da wutar da ba su san kuɗinta ba, na kwance shi na sa aljihu. Duk wannan ya rage, amma ba can ba. Sai na zo kan firji. Anti, in ya tashi da gurnaninshi, jan idon nan bugawa yake kamar zuciyar kazar da anka kama. Na ja shi na karanta ƙarfen da ke bayanshi, na duba cikin waya, na gane shi kaɗai ya fi sauran kayan gidan ci in an haɗa su. Na ce ma Inna wanga ba firji ba ne, rijiya ce, a rage buɗe shi, a daina cusa mishi kayan mutane. Ta ce to. To kawai.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce. Tun safe nike fama da wani babur da mai shi ya tsaya kaina shina mita, ban karya ba, kaina na sarawa. Na dawo gida da azahar in ɗauki wani ƙarfe, tun daga zaure na ji mita na kuka, katin da ban daɗe da sawa ba. Na leƙa ɗakin Inna, matan nono sun cika shi. Fanka na gudu kamar za ta tsinke. Wayoyi sun rufe soket kamar kaska a kunnen sa, har da na mazajensu da ke daji. Firji cike da ƙananan ƙore da robobi, ƙofarshi wangale, wata yarinyar mace ta zauna gabanshi da jaririnta tana shan sanyi, kamar ta samu gindin tsamiya. Dikko ta ɗago ta ce ga Sarkin Baƙin Mai ya zo duba talakawanshi, sunka kwashe da dariya.

Ba zan ɓoye miki abin da na faɗa ba. Na ce nan gida ne ba tasha ba. Na ce wutar nan ba daga sama take zubowa kamar ruwa ba, saye ake, kuma ban ga saniyar kowa ta taɓa saya mana kati ba. Na ce firjin ubana ya koma warin tsami. Na zare wayoyin na tara su bisa tabarma. Na fiddo ƙoren daga firji, na haɗa da manyan da ke bakin ƙofa don sun tare mini hanya, na kai su zaure na jere, don in samu in ja firjin. Na zare wayarshi daga bango, na sa sukundireba na kwance kan wayar mai ƙafa uku, na sa aljihu. Har yau shina aljihuna, tare da ƙwan Ɗangiwa a da, kafin ya fashe.

To ga abin da ya ruɗe ni. Ba wadda ta tanka. Ba zagi, ba kuka, ba ko tsaki. Sunka tashi a hankali sunka gyara zanensu, kowa ta ɗauki wayarta. Dikko ma har ta ce mini sannu da aiki, Allah ya yi albarka, ta aje curin man shanu bisa faifai kamar yadda ta saba, sunka bi ta zaure sunka ɗauki ƙorensu sunka fita. Wallahi na koma rumfa ina jin daɗi. Na ce ashe mutanen nan masu fahimta ne, magana ce dai ba a taɓa yi musu ba. Har na faɗa ma wani abokin aikina cewa gaskiya in an faɗe ta tsaf ba ta ɓata zumunci.

Ba su sake zuwa ba. Kasuwa ta zagayo, ta sake zagayowa, shiru. Ina hango su daga rumfata da tsakar rana, sun rakuɓe inuwar katangar wani gidan mai da ya daina aiki, ƙore a gabansu, suna fifita da faifai. In mun haɗa ido su gaishe ni da kyau, har su tambayi Inna. Gidanmu da ke bayan katangar kaɗan ne ba su iya takowa, amma suna tambayata lafiyarta kamar tana Makka.

Yanzu ki faɗa mini, Anti, ina laifina? Ƙarya na yi? Kati na kai mu inda bai taɓa kai mu ba. Jan idon nan sai ka gaji da jira kafin ya ƙifta. Abin da duk masu ilimi ke rubutawa a yi, shi na yi, ban ƙara ban rage ba. Amma Ɗangiwa ya kwashe majalisarshi ya mayar ƙofar wani gida, ya raɗa mini suna Mai Gadin Mita, yara sun ɗauka. In na wuce sai ya ɗaga murya ya ce a ɓoye wayoyi ga hukuma nan tafe. Attahiru ya bugo ya yi mini wa'azi kan haƙƙin baƙo har cajina ya ƙare. Na ce mishi baƙon nan da kati ake saukar shi, turo lambar kati in ga imaninka. Ya ce ba ni da kunya. Wataƙila ba ni da ita, amma ni ke kwana da yunwa in aiki bai samu ba, ba shi ba.

Duk wannan bai dame ni ba kamar Inna. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Tana dafa abinci, tana amsa gaisuwata, tana yi mini addu'a in zan fita. Amma tun ranar ba ta sake taɓa makunnin komai ba. Fankar da ban hana ta ba, ta daina kunnawa. In na kunna mata na fita, in dawo in tarar a kashe, tana zaune gindin dogon yaron tsakar gida da mafici, zufa na bin wuyanta. Na ce Inna fanka ba ta cin komai, ki kunna abinki. Ta ce a'a, a bar ma yaro kuɗinshi. Yaro. Kamar ɗan maƙwabta. Firjin ta wanke shi tas, ta shanya, ta mayar da shi wurin aje zannuwanta. Rediyonta mai batir kaɗai ke magana cikin gidanmu. Ina dawowa da rana in ci tuwo ba man shanu, ni da bango, ba abin da nika ji sai kukan kurciya. Dariyar nan da ke ba ni haushi don ban san abin da ake ma dariya ba, yau ita nika nema. Wani lokaci sai in tsinci kaina tsaye gaban mita ina kallonta, don ita kaɗai ke ƙifta mini ido a gidan.

Shekaranjiya Kawu Bube, ƙanen Inna, ya kawo babur ɗinshi in canza mishi sarƙa. Ya zauna bisa benci har na gama, muna hirar tsadar dusa da ciwon ƙafar shanu. Sai da ya hau ya tayar, sannan ya ce mini, kamar mai faɗin farashin goro, wai in ruwa ya sauka za su wuce da Adda, wato Inna, ta ce tana marmarin gida, in nemi wanda zai riƙa dafa mini. Ya ba da wuta ya tafi. Na rufe rumfa na ruga gida. Na buɗe firji, wayam, zannuwan ba su ciki. Suna ƙulle cikin wani babban zane ƙarƙashin gado, tare da ƙorenta na aure da ban taɓa ganin ta sauko da su ba. Na tambaye ta, ta ce ganin gida ne kawai. Na ce yaushe za ki dawo? Ta ce Allah ya sani. Anti, mai zuwa ganin gida ba ta ɗaukar ƙoren aurenta.

Matar nan ƙafarta na kumbura, rugar ba asibiti kusa, hanyar Kebbe in damina ta kankama ko babur sai ya yi da gaske. Kuma in ta tafi, wa ya rage mini? Ban da mata, ban da abokin kirki, bakina ya kore su. In na mayar da komai yadda yake, wallahi ba zan iya ba, abin da nika samu bai kai ba, ba rowa ba ce. In na bari haka, zan zauna cikin gida mai arhar wuta ni kaɗai. Na iya karanta bayan firji amma na kasa karanta fuskar uwata. Mi zan yi? Kada ki ce in yi haƙuri kawai, na ji wannan wajen Attahiru.

Naki,
Mai Gadin Mita, Tambuwal

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba zan ce ka yi haƙuri kawai ba, domin lokacinka gajere ne, aiki ne a gabanka.

Bari in fara da inda kake da gaskiya, don na lura ba wanda ya faɗa maka. Saurayin da ke ɗauke da gida shi kaɗai da abin da ya samu a bakin titi, ya zauna ya gano abin da ke cinye masa wuta, ya canza ƙwayaye, ya ajiye hita, ya koma gugar gawayi, wannan ba marowaci ba ne, mai hankali ne. Tsohon firji a ɗaki mai zafi, ƙofa a buɗe, lallai rijiya ne kamar yadda ka ce. Yayanka kuma bai kyauta ba da ya bar maka nauyin ya riƙe wa'azin.

Amma abin da ya kori baƙin Inna ba kashe firji ba ne. Matan da suka tashi a ruga sun san yadda ake raya nono cikin zafi tun kafin a haifi mai ƙera firji. Da ka ja Inna gefe ka ce mata aljihu ya gaza, da ita da kanta za ta san yadda za ta gaya musu cikin yarensu, su yi dariya a wuce wurin. Abin da ka yi shi ne ka ɗauki ƙwaryar mace da hannunka ka kai ta zaure, a gaban uwar masaukinta. Kai hanya kake nema ka ja firji. Su abin da suka gani shi ne an fitar musu da kaya. Ka kuma yi wa shanunsu gori, alhali man da kake ci a tuwo shekara da shekaru daga jikinsu yake fitowa, ba a taɓa kawo maka takardarsa ba. Shirun da suka yi da albarkar da Dikko ta sa maka ba yarda ba ce. Mutanen mahaifiyarka ba sa nuna ciwo a gaban wanda ya ji musu shi. Inna ma haka take yi maka yanzu. Duk ranar da ta kashe fankar nan magana take yi da kai.

Ka kuma duba abin da firjin yake a wurinta. Mace ce da ta rayu cikin garin da ba a jin harshenta, mijinta ya rasu, 'yan watannin rani kaɗai take samun waɗanda za ta yi dariya da su. Ruwan sanyi da inuwar fanka su ne abin da take da shi na karɓar mutanenta. Ka ce kana jin kaɗaici tun da suka daina zuwa. Nata ya girmi naka.

Ga abin da nake ganin za ka yi, kuma ka fara gobe. Kada ka tari matan a bakin titi inda suke sana'a, za su gaishe ka da kyau su sallame ka. Ka nemi Kawu Bube ya raka ka har inda suka sauka, da goronka da ɗan sukari, ka durƙusa gaban Dikko. Kada ka kai mata bayanin mita, kada ka ce amma. Ka ce ka taɓa ƙorensu, ka yi magana irin ta yara, kunya ta hana ka barci, gidan Inna gidansu ne. Ka roƙi kawunka ya koya maka kalmar ban haƙuri da Fillanci ka faɗa da bakinka. Za ka karkace ta, za su yi maka dariya. Ka bari su yi, wannan dariyar ita kake nema. Ranar kasuwa kuma ka je da babur ka ɗauko ƙwaryar Dikko da kanka, ka shigo da ita ta zauren da ka fitar da ita, ka ajiye a ɗakin Inna.

Sannan maganar wuta, domin ban ce ka koma gidan jiya ba. Kai da kake karanta bayan kaya ka fi ni sanin cewa cajin waya da fanka ɗaya da farin ƙwai ba su ne suke kwashe kati ba. A ranar nan fushi ya sa ka haɗa mai laifi da marar laifi. Ka bar fanka ta yi aikinta da rana, wannan ba alatu ba ne ga dattijuwa mai kumburin ƙafa a zafin bazara, magani ne, kuma ka kai ta a duba ƙafar ko za ta yi tafiya ko ba za ta yi ba. Firji kuwa ba dole ya yi ta gurnani kullum ba. Ka duba robar ƙofarsa, in ta saki ka canza, ka janye shi daga jikin bango, ka kakkaɓe ƙurar bayansa, kada a sa masa abu mai ɗumi. Ka kunna shi jajibirin kasuwa idan an kawo wuta, ya daskarar da robobin ruwa, da safe a juye su cikin kula mai riƙe sanyi a kashe shi. Sauran kwanaki randa ta isa: ka samo sabuwa, ka kafa ta cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ka lulluɓe da buhun algarara mai laima. Ka kafa rumfar zana a bangon da rana ke duka da yamma, ka shimfiɗa wata a kan kwanon ɗakin Inna ka danne, a buɗe tagogi da sassafe, a rufe idan rana ta ɗaga, a yayyafa ruwa a ƙasa. Za ka ga ɗakin ya sauka ba da kati ba. Yadda za a jera ƙore kusa da randar kuwa kada ka koya wa kowa, ka tambayi Inna, ka yi yadda ta ce. Ka bar mata mulkin ɗakinta.

Attahiru kuma ka daina yi masa gatse, ba ya haifar da komai. Ka roƙe shi abu guda mai suna: ƙaramin faifan sola da fanka mai caji domin mahaifiyarsa. Mutum yakan kauce wa “a taimaka”, amma da wuya ya kauce wa wannan, musamman in ya ji tana ɗaure kaya. Ƙofar gida ma ka mayar da farin ƙwai ɗaya. Ba don Ɗangiwa ya cancanta ba, don kai ma kana bukatar inda za ka zauna a tsokane ka ka rama.

Abu na ƙarshe, kuma ba mai daɗi ba ne. Mai yiwuwa ka yi duk wannan Inna ta tafi. Tana da haƙƙin ganin danginta, kada ka tare ta da kuka ko da labarin asibiti. Ka zauna kusa da ita a gindin dogon yaron nan, ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, cewa abin da kake samu ne bai kai ba, kuma kana tsoron zama kai kaɗai. Ina zaton ba ta taɓa jin wannan daga bakinka ba, faɗa kawai take ji. In ta ce za ta je, ka kai ta da kanka, ka san hanya, ka san ranar da za ka koma ɗauko ta. Abin da za ka duba ba tafiyar ba ce, ƙoren auren ne. In ta mayar da su inda suke kafin ta hau babur, za ta dawo.

Kan wayar firjin nan da ke aljihunka, yau ka ɗaura shi inda ka kwance shi. Kada ka soka a bango. Ka miƙa wa Inna wayar a hannunta, ka fita ka ba ta wuri.

Allah ya sanyaya maka zuciya da harshe, ya ba Inna lafiya, ya sa ruwan bana ya same ku a inuwa ɗaya.

Anti Zakiyya